Masu Bin Salsalar Ƙwayar Ciwon Hantsa

Duk wanda ya taɓa kiwon saniyar tatsa, ko akuya, ko tunkiya, ya san ciwon hantsa. Da safe a zo tatsa, sai a tarar gefe guda ya kumbura, ya yi tauri, ya ɗau zafi. In an taɓa, saniya ta kai harbi, maraƙinta ma ta hana shi sha. Abin da ke fitowa kuwa ba madarar kirki ba ce, ruwa-ruwa ne da gudaji-gudaji, wani lokaci har da jini ko mugunya. In an yi sa'a ya warke. In ba a yi ba, wannan kan nono ya mutu ke nan, saniya mai nono huɗu ta koma mai uku, ran da aka kai ta kara kuwa dillali ba zai rasa gani ba.

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke kawo wannan ciwo, amma akwai guda ɗaya wadda ta fi ba likitocin dabbobi wahala, don takan shige can cikin naman hantsa ta laɓe inda allura ba ta kai mata sosai. Sunanta a littattafan likita Staphylococcus aureus, ana taƙaita shi a ce Sitaf. Ba ta tsaya ga shanu ba. Ita ce ke kawo maruru a jikin mutum, ita ce ke sa rauni ya yi mugunya, ita ce ke kumbura nonon mai jego, ita ce kuma ke kumbura tafin ƙafar kaza har ta kasa takawa. In ta sami hanya ta shiga jini ko ƙashi, to, magana ta yi girma. Masu ƙididdiga sun lasafta cewa a shekarar 2019 kaɗai tana da hannu a mutuwar mutum fiye da miliyan 1 a duniya. Abin mamaki kuwa, kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita a hancinsa, yana harkokinsa lafiya lau, bai sani ba.

To, tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, wa ke ba wa? Saniya ce ke shafa wa mai tatsa, ko mai tatsa ne ke shafa wa saniya? In ciwo ya ɓulla a garke, daga kasuwa aka sayo shi, ko dā ma yana nan? Shekara da shekaru babu amsa sai zato. Yanzu an sami hanyar sani, amma hanya ce wadda ƙasa ɗaya ba ta iya binta ita kaɗai.

Wani likitan fiɗa na Aberdeen a ƙasar Sikotilan, Alexander Ogston, shi ne ya bayyana ƙwayar a 1880, da ya duba mugunyar marasa lafiya da madubin likita, ya ga ƙananan ƙwayoyi a cure kamar nonon inabi. Ƙanƙantarsu ta kai sai an jera 1,000 kafin su cika milimita guda. A kan farantin da ya shuka wannan ƙwaya ne Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, aka yi ta murna an sami maganinta. Ba a daɗe da fara aiki da shi a asibitoci ba sai ta koyi karya shi. Aka fito da wani sabo, metisilin, wajen 1960. A 1961 wata masaniya a Ingila, Patricia Jevons, ta ba da labarin ta ga waɗanda shi ma ba ya jin su. Waɗannan masu taurin kai su ake kira MRSA har yau.

YADDA AKE KARATUN

Kowace ƙwaya tana ɗauke da wani rubutu a cikinta, wanda shi ne ke tsara halittarta da halinta, ko tana da dafi, ko magani kaza yana kashe ta. Haruffa huɗu kacal aka yi rubutun da su, amma a jikin Sitaf tsawonsa ya kai harafi miliyan 2 da dubu 800. Masanan Japan ne suka fara karanta shi daga farko har ƙarshe a 2001. A lokacin aiki ne na shekaru da kuɗi masu yawa. Yau akwai injin da zai karanta na ƙwayoyi da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Akawu zai fi kowa saurin gane amfanin wannan karatu. A ce akawu ya kwafi littafin lissafi, ya yi kuskuren harafi ɗaya a shafi na goma. Duk wanda ya kwafa daga nasa zai ɗauki kuskuren, ya kuma ƙara nasa. Bayan shekaru, in aka tara littattafan aka gwada, za a san wanda ya kwafa daga wane, ko da akawunan duk sun mutu. Haka ƙwaya take. In za ta haihu sai ta kwafi rubutunta ta rabu biyu, a wuri mai ɗumi kuwa tana yin haka kusan kowane rabin sa'a. Jifa-jifa sai a sami kuskure, 'ya'ya da jikoki su gaje shi. A 2010 masanan cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij suka karanta ƙwayoyi 63 na dangi ɗaya daga ƙasashe dabam-dabam, suka ga ana samun sabon kuskure kamar guda ɗaya a mako shida. Watau an sami agogo ke nan. Ƙwayoyi biyu da suka bambanta da harafi uku ko huɗu, jiya-jiya suka rabu. Waɗanda suka bambanta da dubbai kuwa, zumuntarsu ta kakannin kakanni ce.

An gwada abin a wani asibitin haihuwa a Kambirij, inda jarirai suka yi ta kamuwa da MRSA a 2011. Aka share ɗaki, aka wanke, bayan wata biyu sai ga wani jariri da ita. Da aka karanta, sai aka ga 'yar gida ce, ba baƙuwa ba. Aka gwada ma'aikata 154, aka sami guda ɗaya yana ɗauke da ita bai sani ba. Aka yi masa magani, ciwo ya tsaya.

Sai dai littafi ɗaya ba ya nuna wa ya kwafa daga wa. Dole a tara da yawa, daga wurare da yawa, a kuma tara su bisa ƙa'ida ɗaya. Mutanen Turai sun fara wannan tsakanin 2006 da 2007, inda asibitoci 450 a ƙasashe 26 suka yarda kowa ya aiko da ƙwayoyi biyar na farko masu jin magani da biyar na farko marasa ji, ba zaɓe. Wannan sharaɗi na rashin zaɓe shi ne ƙashin bayan aikin, don in an bar kowane likita ya aiko da wadda ta ba shi mamaki, to, abin mamaki kaɗai za a tara, ba za a ga yadda ƙasa take ba.

ALADUN HOLAN

Labarin gona ya soma ne a Holan. Mutanen ƙasar nan suna da tsanani ƙwarai game da MRSA, har ba a cika ganinta a asibitocinsu ba. A 2004 aka kawo wata jaririya 'yar wata shida asibitin Nijmegen za a yi mata aiki, aka gwada ta bisa al'ada, sai aka sami MRSA. Yarinya ba ta taɓa fita ƙasar waje ba. Aka yi mata magani, ƙwaya ta koma, aka sake, ta sake komowa. Sai aka duba gidansu, ashe iyayenta masu kiwon aladu ne, su ma suna ɗauke da ita. Likita Andreas Voss da abokan aikinsa suka gwada manoma 26 masu aladu a yankin, suka sami 6 da ita. Daga baya aka gwada aladu 540 a mayanka tara, aka samu a jikin kashi 39 cikin 100. Aka sa wa wannan dangi lamba, CC398.

Galibin masu karanta wannan shafi ba su kiwon alade, ko da yake akwai babbar kasuwarsu a wajen Kafanchan. Amma a yi haƙuri a bi labarin, don hanyar da ƙwayar ta bi hanyar fatauci ce, kuma an same ta daga baya a jikin maruƙa da kaji da dawaki.

Da Holan ta yi shela, sai maƙwabta suka ce ciwon Holan ne. Ba a raba gardama ba sai a 2008, da ƙasashe 24 na Tarayyar Turai, tare da Norwe da Suwizalan, suka yarda a bi gonakin aladu a ɗebo ƙura, kowa ya ɗiba iri ɗaya, ya gwada iri ɗaya. Sakamako ya nuna tana cikin kashi 14 cikin 100 na gonakin da ke fid da iri, da kusan kashi 27 na gonakin da ke haifar na yanka. A Sifen ta kai rabi, a waɗansu ƙasashe kuwa ko ɗaya ba a samu ba. Da aka gwada wannan da littattafan kwastan, sai aka ga ƙasar da ta fi shigo da aladun iri daga waje ita ta fi samunta. Ashe Holan laifinta kawai ta riga kowa dubawa.

Har wa yau kowa na cewa alade ne ya ba mutum. Sai a 2012 wani masani na Amurka, Lance Price, da abokan aiki daga ƙasashe da yawa suka tara ƙwayoyi 89 na wannan dangi daga ƙasashe 19, na mutane da na dabbobi, suka karanta su duka, suka zana salsalarsu. Abin da ya fito ya juya maganar. Tushen dangin a jikin mutum yake, kuma a lokacin metisilin yana kashe shi. Daga mutum ƙwayar ta tsallaka ga dabba. A can gona, inda ake zuba magani cikin abinci da ruwan sha ba don ciwo ba, sai don dabba ta yi saurin ƙiba, ta koyi jure tetarasaikilin, ta koyi jure metisilin, sa'an nan ta komo wa mai gona da sabon hali. Bashi ne aka biya da riba.

Ƙasashe biyu maƙwabta sun ɗauki abin ta fuska biyu. Denmak, wadda aladunta sun fi mutanenta yawa, ta ga ƙwayar ta game kashi 88 cikin 100 na garkunan da aka gwada a 2016. Karatun salsala ya nuna 'yan zuriyoyi kaɗan ne suka mamaye ƙasar, sun gangaro daga gonakin iri zuwa gonakin da ke saye a wurinsu. Norwe kuwa, da ba ta cika sayen alade mai rai daga waje ba, sai ta ɗauki hanya mai zafi: garken da aka samu da ita a yanka shi duka, a wanke gona, a sake zuba sababbi. Da suka karanta ƙwayoyin da suka ɓulla musu a 2013 da 2014, sai suka ga ba dabba ce ta shigo da su ƙasar ba, mutane ne, ma'aikatan gona da suka yi aiki a waɗansu ƙasashe. Bayan ta shiga ne cinikin aladu ya yaɗa ta. Don haka suka sa dokar gwada ma'aikaci kafin ya shiga garke. Da ba su da na Denmak da na sauran ƙasashe da za su gwada da nasu, da sun yi ta tsaron ƙofa ɓarawo na shiga ta taga.

KAJI

Na kaji ya fi kusa da gida. Masu kajin nama sun san yadda kaza kan yi nauyi ta gurgunce, ta kwanta kusa da mazubin ruwa ta kasa tashi. Sau da yawa Sitaf ce ta shiga ƙashin cinya ko gaɓa. A 2009 Ross Fitzgerald da mutanensa a Edinbara suka tara ƙwayoyi 57 daga kaji a ƙasashe takwas na nahiyoyi huɗu. Suna tsammanin kowace ƙasa da irin tata, sai suka tarar galibinsu 'yan ɗaki ɗaya ne. Da suka bi salsala, ta kai su ga wata ƙwayar mutane da aka sani a ƙasar Folan, agogon kuskure kuwa ya nuna ta tsallaka ga kaji kimanin shekara 38 kafin lokacin, watau wajen 1970. Yadda ta game duniya cikin ɗan lokaci ba boyayye ba ne. Kamfanoni 'yan kaɗan ne ke riƙe da kakannin kajin nama na duniya duka, daga wurinsu ake aika iyaye cikin jirgin sama zuwa kowace nahiya, a ƙyanƙyashe, a sayar da 'yan tsaki. Wanda ya sayi kwalin 'yan tsaki, ya sayi irin kaza, ya kuma sayi abin da irin ke ɗauke da shi.

MADARA DA BUSHIYA

A 2007 wata ɗaliba a makarantar likitan dabbobi ta Kambirij, Laura García-Álvarez, tana binciken ciwon hantsa ƙarƙashin malaminta Mark Holmes, sai ta ci karo da wata Sitaf a cikin madarar wata gona a kudu maso yammacin Ingila. Magani ba ya kashe ta, amma gwajin da asibitoci ke dogara da shi ya ce ba MRSA ba ce. Aka kai ta Sanger aka karanta. Ashe tana da makamin jure magani, sai dai wani iri ne dabam, wanda ya yi kama da sanannen da kashi 70 cikin 100 kawai, shi ya sa gwaji bai gane shi ba. Aka sa masa suna mecC. Suka rubuta wa abokan aiki a Sikotilan da Denmak su duba tsofaffin ƙwayoyin da suka adana. Aka same ta a jikin mutane a ƙasashen duka, a Denmak har da wadda aka ajiye tun 1975. Aka buga labarin a 2011, asibitoci suka gyara gwajinsu.

Nan take zargi ya faɗa kan masu shanu, aka ce allurar da suke ɗura wa hantsa ce ta haifi wannan. Akwai abin da ya ƙarfafa zargin. A 2013 aka bincika mata biyu a Denmak da suka kamu da ita, kowacce da 'yar gonarta, ɗaya tana da shanu, ɗaya tana da tumaki. Tsohon gwaji ya ce ƙwayar matan nan iri ɗaya ce, kamar daga wuri guda suka samo ta. Karatun cikakken rubutu ya ce a'a: ta mai shanu ta yi daidai da ta saniyarta, ta mai tumaki ta yi daidai da ta tumakinta, gonakin biyu kuwa ba abin da ya haɗa su.

Amma ba nan maganar ta tsaya ba. Masana a Denmak da Suwidin suka lura bushiyoyin ƙasarsu suna ɗauke da mecC, har wajen 6 cikin 10. Bushiya dai ba mai yi mata allura. Jesper Larsen na cibiyar Statens Serum a Kofanhagan ya haɗa kai da mutanen Kambirij da waɗansu da yawa, aka bi gidajen jinyar namun daji a ƙasashen Turai har da New Zealand ana shafo hanci da fata da ƙafafun bushiya. Abin da suka buga a Janairun 2022 shi ne, a fatar bushiya akwai wata funfuna, dangin mai kawo makero, wadda ke fid da magani irin fenisilin don ta kori ƙwayoyin da ke gasa da ita. Sitaf da ke zaune a wannan fata dole ta koyi jurewa ko ta mutu. Agogon kuskure ya nuna waɗansu zuriyoyin sun yi wannan koyo tun shekarun 1800, fiye da shekara ɗari kafin a sayar da kwalbar fenisilin ta farko. Daga bushiya ta kai ga shanu da tumaki da mutane. Bushiyar Turai ake magana, wadda jinsinta dabam ne da ta nan ƙasar, kada yara su tashi da sanduna.

Kada kuma mai allura ya ce an wanke shi. Ita mecC ƙaramar aba ce, kamar 1 cikin 200 na MRSA da ke kama mutane a can. Abin da bushiya ta nuna shi ne makaman jure magani suna nan a daji tun dā, jira suke. Wanda ya yi ta zuba magani ba bisa ƙa'ida ba, shi ne ke kashe masu rauni ya bar wa masu makami fili.

KUDANCIN AMURKA DA AFIRKA

Duk waɗannan labarai na ƙasashe masu kuɗi ne, kuma an daɗe ana zana taswirar Sitaf ta duniya da manyan gurabu babu kome a ciki. Mutanen Kudancin Amurka sun tashi cike nasu gurbin. A 2019, daga Afrilu zuwa Oktoba, asibitoci 58 a Ajantina da Boliviya da Burazil da Faragwai da Yurugwai suka tara ƙwayoyin da aka samu a jinin marasa lafiya, a ƙarƙashin wata ƙungiya da suka kira StaphNET-SA, wadda Marta Mollerach ta Jami'ar Buenos Aires tana cikin jagororinta. Aka karanta guda 404, aka buga sakamako a 2023. Sun ga kowace ƙasa da dangin da ya fi rinjaye a cikinta, sun kuma ga waɗanda suka ƙetare iyaka. Abin da ba su zata ba shi ne, cikin masu jin metisilin, dangin da ya fi yawa CC398 ne, lambar nan ta aladun Holan. Ƙasashe ne masu sayar wa duniya nama, jin wannan lamba kaɗai ya isa ya ta da hankalin falke. Amma karatun ya nuna ba reshen dabbobi ba ne, reshen nan ne na asali da ya zauna a jikin mutane, yana yawo daga mutum zuwa mutum. Suna ɗaya, gida dabam.

A Afirka, tun wajen 2010 cibiyoyi uku, Lambaréné a Gabon, Bagamoyo a Tanzaniya, da Manhiça a Mozambik, suka haɗa kai da jami'o'in Jamus uku, Homburg da Freiburg da Münster. Suka tara ƙwayoyi 1,200, rabi daga Afirka, rabi daga Jamus, bisa ƙa'ida ɗaya. Sakamakon ya nuna dangogin Afirka dabam suke, kuma da yawansu suna ɗauke da wani dafi da ake kira PVL, mai fasa fararen ƙwayoyin jini, mai kawo manyan marurai masu zurfi, alhali a Jamus da wuya a gan shi. Wani bincike a Bamako a 2008 ya riga ya nuna wani dangi mai wannan dafi, ST152, yana da yawa a hancin mutanen Mali. Ma'anar wannan ita ce littafin da aka rubuta a Jamus ba zai gaya wa likitan Afirka ta Yamma duk abin da ke gabansa ba.

A Nijeriya, Farfesa Iruka Okeke ta Jami'ar Ibadan ta jagoranci wani sashe da ya yi aikin karanta ƙwayoyi masu jure magani tare da hukumar NCDC, cikin haɗin gwiwa da cibiyoyi a Indiya da Filifin da Kolombiya. Ta Kolombiya ɗin ma, Agrosavia, cibiyar binciken aikin gona ce. A Oktoban 2020 kuma hukumar Africa CDC ta ƙaddamar da shirin samar wa ƙasashen nahiyar injunan karatu da horar da ma'aikata. Akasarin ƙwayoyin da ake karantawa daga asibitocin birni suke fitowa. Na ruga da na akurki su ne ba su da yawa a cikin littafin, ga shi kuwa labarin Holan da na Folan duk a gona suka faru.

Wanda ya san Maigatari ko Illela ko Mubi ko Potiskum ran kasuwa, ya san dabba ba ta da fasfo. Saniyar da ta kwana a Nijar ko Chadi ko Kamaru, jibi tana cikin mota ta nufi Legas, ta gogi ɗaruruwa a hanya, hannu goma ya taɓa hantsarta. 'Yan tsaki kuwa daga wajen Ibadan suke kwana a hanya su wayi gari a Arewa. A gefen kowace kara ga mai tebur yana sayar da allura, ba takardar likita, ba awon nauyin dabba. Ƙididdigar 2019 ta nuna Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mutuwa saboda ƙwayoyi masu jure magani, mutum 27 cikin kowane 100,000.

Sitaf ta hantsa galibi a lokacin tatsa take yaɗuwa, daga nono zuwa hannu, daga hannu zuwa nono na gaba. Saboda haka likitocin dabbobi ke cewa a wanke hannu da sabulu, a fara da ƙarsana mai haihuwar fari da masu lafiya, a bar mai ciwo ta zama ta ƙarshe, kada kuma tsumma ɗaya ya share garke duka. Mai maruru ko yanka a yatsa ya ba wani ƙwarya har ya warke. Ɗigon farko a tatsa shi a baƙin faranti, don gudaji ya fi fitowa a kan baƙi, kada a tatsa shi a ƙasa inda shanu ke kwanciya. Madarar nono mai ciwo ba ta shiga ƙwaryar kindirmo. Tafasawa tana kashe ƙwayar, gaskiya ne, amma in madara ta daɗe a ɗumi ƙwayar takan zuba wani dafi wanda wuta ba ta karya shi, shi ne mai sa amai da gudawa 'yan sa'o'i bayan an sha. A tafasa da wuri ke nan, tun ba ta jima ba. Saniyar da aka yi wa allura kuma, akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba waɗanda ba a shan madararta. Wadda ciwon ke komo mata haihuwa bayan haihuwa, ta zama rijiyar da sauran ke ɗiba, gara a fid da ita.

In ciwon ya ƙi jin magani, ana iya kai madarar a gwada, ta hannun malamin dabbobi, zuwa ɗakin gwaji irin na asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ko cibiyar Vom da ke aiki tun 1924. Ana ɗiba ne kafin a yi allura, ba bayan an yi ba. A wanke kan nonon, a zubar da ɗigon farko, a tatsa cikin kwalba mai tsabta wadda malamin ya bayar, a rufe, a sa cikin ƙanƙara. Sa'an nan a rubuta a jikinta ranar da aka ɗiba, da sunan rugar, da irin allurar da aka taɓa yi wa saniyar, da kasuwar da aka sayo ta in sayo ta aka yi. Mutanen Denmak sun iya bin sawun ƙwayarsu gona-gona ne don kowace motar aladu da ta tashi daga wata gona zuwa wata an rubuta ta a rajista, da rana da adadi. Kwalbar da ta iso ɗakin gwaji ba rubutu a jikinta, ko an karanta haruffanta miliyan 2 da dubu 800 duka, ba za a san inda za a ɗora ta a taswira ba.